Tarihin sigar ta Kuba: taba, manoma da mai karatun masana'anta

Yau za mu tsallaka teku zuwa tsibirin Kuba, ƙasar sigar. Kar a haɗa ta da sigari ta kwali. Ita sigar ganyen taba ce zalla, babu takarda, kuma ta ƙwarai da hannu ake naɗe ta.

A 1492 ne mutanen Kolombus suka tarar da ƴan asalin tsibirin, Taino, suna naɗe ganye suna zuƙar hayaƙi. Da Sipaniya ta ga akwai kuɗi a ciki, a 1717 sarki ya ce babu mai sayen taba sai gwamnati, a farashin da ta yanka. Manoma suka tayar har sau uku, na ƙarshe a 1723, inda aka kashe wasunsu. Sai a 1817 aka soke dokar, daga nan manyan gidaje suka kafu a Havana: H. Upmann a 1844, Partagás a 1845.

Sirrin yana gona. Mafi daraja ita ce tabar Vuelta Abajo, a jihar Pinar del Río. Sigar guda tana da kashi uku: cikin, ganyen ɗauri, da rigar waje. Ganyen riga a ƙarƙashin siririn yadi ake noma shi don rana kar ta kaurara shi. Ana tsinkar ganye daga ƙasa zuwa sama, a shanya a rumbu makonni, a tara shi ya gumu, sannan a ajiye, wani har shekaru.

Ga abin da ya fi taɓa mu, mu ma'aikatan radiyo. Tun 1865, a masana'antar El Fígaro, ma'aikata suka fara ɗaukar mutum guda ya zauna bisa dakali yana karanta musu jarida da littattafai yayin da hannu ke naɗi. Su ke biyan shi daga aljihunsu, su ke zaɓen abin da za a karanta. Wanda bai taɓa shiga lakkwal ba sai ga shi ya san Victor Hugo da Alexandre Dumas. Sunan sigar Montecristo ta 1935 ma daga littafin Dumas ya fito. Wannan karatu ya buɗe ido, shi ya sa masu naɗin taba ƴan Kuba a Tampa ta Amurka suka tara wa José Martí kuɗin yaƙin neman ƴanci. A 1931 masu masana'antu a Tampa suka kori masu karatu, radiyo ta maye gurbinsu.

Bayan juyin juya halin Fidel Castro, gwamnati ta karɓe masana'antu a 1960, Amurka kuma ta sa takunkumi a 1962. Iyalai da dama suka fice da irin tabarsu zuwa Nikaragwa, Honduras da Jamhuriyar Dominika. Sannan cutar ganye ta 1980 ta cinye kusan duk amfanin Kuba. A hankali aka bar tsohon iri na Corojo aka koma ga sabbin da ke jure cuta, irin su Criollo 98. Tsohon yanzu a Honduras aka fi samun shi.

Tsada ba ta cire wa taba gubarta: sigar ma tana jawo kansar baki, maƙogwaro da huhu. Amma tarihinta na nuna mana cewa iri na gado yana iya barin ƙasarsa, ko ya ɓace cikin shekaru kaɗan. Manomanmu masu ajiye tsohon irin hatsi da albasa sun san nauyin wannan magana.

Ku faɗa mana, wane iri na kaka da kakanni ne ya ɓace a garinku? Sai mun ji daga gare ku.