Gidan Ɗan Hausa: Inda Boko Ya Fara Zama a Ƙasarmu

Duk ɗan Rurum da ya taɓa riƙe alli ko fensir yana da alaƙa da wani tsohon gidan ƙasa da ke Nassarawa a birnin Kano, ko ya sani ko bai sani ba. Gidan Ɗan Hausa ake ce masa.

Nassarawa a da gandun Sarkin Kano ce, kuma bisa ga abin da magabata suka faɗa, gidan na mai kula da gandun ne. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sai ya koma hannun wani Bature haifaffen Suwizalan, Hanns Vischer, wanda ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Borno a 1906. Saboda yadda Hausa ta zauna a bakinsa ne Kanawa suka laƙaba masa Ɗan Hausa. Da ya tashi gyaran gidan bai nemo siminti ko kwano ba. Maginan Kano ya kira, suka yi masa aiki da tubali da azara, suka ɗaura bakan gizo, suka fitar da zankwaye.

A nan ne, a 1909, ya buɗe makarantar boko ta farko ta gwamnati a Arewa. Akwai ajin malamai, da na 'ya'yan sarakuna, da sashen koyon sana'a. Abin da ya fi jan hankalina, a matsayina na wanda ya ƙare ƙuruciyarsa gaban allo, shi ne da Hausa aka fara koyarwa, ba da Turanci ba. A 1912 ma ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko. Ba na cewa don Allah Turawa suka yi. Ma'aikata suke nema wa En'e. Iyaye kuwa sun yi ɗari-ɗari, kamar yadda namu suka yi da aka zo ɗibar yara a ƙasar Rano.

Yaƙin 1914 ya raba Ɗan Hausa da makarantar, ya rasu a 1945. Daga baya gidan ya zama wurin adana kayan tarihi.

Sau ɗaya na kai ɗalibaina can. Wani yaro ya shafa bangon, ya dube ni ya ce, "Malam, ai irin ginin kakana ne."