Rabuwar Ƙasashen Afirka ta Gabas da Abin da Ya Biyo Baya

Kowa ya san abin da kan faru sa'ad da gandu ya watse. 'Yan'uwa sun daɗe suna noman gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya, sai ranar rabuwa ta zo. A wani gidan a kan raba gonaki da dabbobi lami lafiya, zumunci kuwa ya ci gaba kamar da. A wani gidan kuma sai an kai gaban alƙali, wani sa'in ma har a zub da jini. To, haka al'amarin ƙasashe ya ke in sun haɗa sha'aninsu ƙarƙashin hukuma ɗaya, sa'an nan suka tashi rabuwa. Masu tarihi sun daɗe suna muhawara a kan ko rushewar irin wannan tarayya ita ke jawo yaƙi tsakanin ƙasashen da suka yi ta. Labarin Kenya da Yuganda da Tanzaniya ya isa a duba shi a kan wannan batu, gama su uku sun yi tarayya, sun rabu, biyu daga cikinsu kuwa sun gwabza yaƙi bayan rabuwar da shekara ɗaya da 'yan watanni.

Asalin tarayyarsu daga hanyar jirgin ƙasa ne. Turawan Ingila suka fara shimfiɗa dogo daga Mombasa, a bakin teku, cikin shekara ta 1896, ya isa Kisumu a gaɓar Tafkin Biktoriya cikin 1901. Yuganda ba ta da bakin teku, saboda haka audugarta da gahawarta ta wannan hanya su ke fita. Cikin 1917 aka haɗa kuɗin fito na Kenya da Yuganda, watau kaya su riƙa wucewa tsakaninsu ba a biyan kome a kan iyaka. Tanganyika a da ƙasar mulkin Jamus ce, amma bayan yaƙin duniya na farko ta koma hannun Ingila, ita ma ta shiga wannan shiri cikin 1927. Sule iri ɗaya su ke kashewa, gidan waya ɗaya ke kai musu wasiƙu. Cikin 1948 aka kafa wata babbar hukuma ta Gwamnonin ƙasashen uku, mazauninta Nairobi, tana lura da jiragen ƙasa, da tashoshin jiragen ruwa, da gidajen waya, da tara haraji.

Da lokacin mulkin kai ya gabato, shugabannin ƙasashen suka yi niyyar su mai da wannan gado na Turawa ya zama ƙasa ɗaya. Julius Nyerere na Tanganyika har ya nuna zai yarda a jinkirta wa ƙasarsa mulkin kai, in dai hakan zai sa su uku su same shi tare a dunƙule. Abin bai yiwu ba. Tanganyika ta sami nata cikin 1961, Yuganda cikin 1962, Kenya cikin 1963. A watan Yuni na 1963 Nyerere da Jomo Kenyatta da Milton Obote suka haɗu a Nairobi, suka yi alkawarin kafa tarayya kafin shekarar ta ƙare. Shekara ta ƙare ba a yi ba, domin kowa ya ɗanɗana mulki, Obote kuma yana fama da masarautar Buganda, wadda ba ta son ta narke cikin wata babbar ƙasa.

Akwai kuma wani ƙorafi da ya daɗe yana cin mutanen Yuganda da Tanganyika. Tun zamanin Turawa, masana'antu da manyan ofisoshi a Nairobi aka tara su. Tun da ya ke ba a karɓar fito a tsakani, kayan da aka ƙera a Kenya sai su cika kasuwannin maƙwabta, su kuwa ba su da abin da za su mayar sai amfanin gona. Cikin 1964 aka yi wata yarjejeniya a Kampala don a rarraba masana'antu, amma ba ta yi aiki ba. Cikin 1966 kowace ƙasa ta buga nata kuɗi. Ganin igiya na neman tsinkewa, sai aka ɗauko wani masani daga ƙasar Danmak, sunansa Kjeld Philip, ya shugabanci kwamitin gyara. Daga aikinsa aka sami yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Kampala cikin watan Yuni na 1967, wadda ta kafa Ƙungiyar Ƙasashen Afirka ta Gabas.

An yi ƙoƙarin adalci a wannan sabon shiri. Aka kai babban ofishin ƙungiyar Arusha, cikin Tanzaniya, sunan da Tanganyika ta ɗauka bayan ta haɗu da Zanzibar cikin 1964. Ofishin jiragen ƙasa da na jiragen sama suka zauna a Nairobi, na tashoshin jiragen ruwa ya koma Darussalam, na gidajen waya ya koma Kampala tare da wani sabon banki na raya ƙasa. Suna da majalisar dokoki ɗaya a kan waɗannan al'amura, da kotun ɗaukaka ƙara ɗaya. Amma fa ikon ƙarshe yana hannun shugabannin nan uku, ba a kuwa zartar da babban al'amari sai duka sun yarda. A nan raunin ginin ya ke, gama in biyu daga cikinsu suka ƙi zama wuri ɗaya, kome sai ya tsaya.

Haka kuwa aka yi. Ran 25 ga Janairu, 1971, Obote yana Singapore wajen taron ƙasashen renon Ingila, sai shugaban sojansa, Idi Amin, ya hamɓarar da shi. Obote ya sauka Darussalam, Nyerere ya karɓe shi hannu biyu biyu, ya kuma ƙi yarda da mulkin Amin, ya ƙi zama da shi. Tun daga wannan shekara shugabannin uku ba su sāke haɗuwa a kan sha'anin ƙungiyar ba har ta mutu. A watan Satumba na 1972 mutanen Obote da ke gudun hijira suka ƙetaro daga Tanzaniya da makamai don su ƙwace mulki, aka fatattake su. Amin ya rama da jefa bama-bamai a garuruwan Bukoba da Mwanza. Sai da shugaban Somaliya, Siad Barre, ya shiga tsakani, aka yi sulhu a Mogadishu a watan Oktoba, kowane ɓangare ya yarda ya janye sojansa kilomita 10 daga kan iyaka. Abin lura a nan shi ne, an yi wannan duka alhali ƙungiyar tana raye, ƙasashen biyu suna cikinta, wanda ya sasanta su kuwa daga waje ya zo.

Tsakanin Kenya da Tanzaniya kuma wata irin tsama ce ta daban. Nyerere ya bi tafarkin gurguzu irin nasa, wanda ya kira Ujamaa, Kenya kuwa ta buɗe ƙofa ga masu jari. Kowace tana ganin ɗayar na cutar ta. Ofisoshin jirgin ƙasa da na tashoshin ruwa da ke kowace ƙasa suka fara riƙe kuɗin da suka tara, suna ƙin aikawa babban ofishi da ke wata ƙasar. Jiragen ƙasa suka rasa kayan gyara, jiragen ruwa na tafki aka tsare su a Kisumu. A farkon 1977 bashi ya durƙusar da kamfanin jiragen sama na tarayya, Kenya ta kafa nata. Tanzaniya ta fusata, ta rufe iyakarta da Kenya a watan Fabrairu, ta kama motoci da ƙananan jiragen sama na Kenya da ke cikin ƙasarta. Da tsakiyar shekarar ta zo ba wanda ya ba da kuɗin tafiyar da ƙungiyar, sai ta watse. Ba a zauna an yi rabon gado ba. Kowa ya riƙe abin da rabuwa ta tarar a hannunsa, ma'aikata kuwa kowa ya nemi hanyar gida.

A ƙarshen Oktoba na 1978 sojan Amin suka ƙetara iyaka, suka mamaye yankin da ke arewa da kogin Kagera. Turawan Ingila da na Jamus ne suka ja wannan iyaka miƙaƙƙiya bisa takarda cikin 1890, ba su bi kogin ba, Amin kuwa ya ce kogin ne iyaka ta gaskiya. Sojansa suka kashe talakawa, suka kwashi dukiya, suka karya gadar Kyaka. Nyerere ya tara runduna, ya kore su, sa'an nan ya bi su har cikin Yuganda tare da 'yan gudun hijira. Libiya ta aiko wa Amin da gudunmawar soja, amma ba ta tsare kome ba. Garuruwan Masaka da Mbarara suka zama kufai, Kampala ta faɗi ran 11 ga Afrilu, 1979. Amin ya gudu, daga baya ya zauna a Saudiyya, ya mutu a Jidda cikin 2003. Tanzaniya ta ci yaƙi, amma ta daɗe tana biyan kuɗinsa, Yuganda kuwa ta sāke shekaru cikin fitina.

To, ko rushewar ƙungiyar ce ta haifi wannan yaƙi? Wanda ya dubi jerin shekarun kaɗai zai ce i, gama 1978 tana bin 1977. Amma gabar Amin da Nyerere ta girmi rushewar da shekara shida, ita ce ma ta fara kashe ƙungiyar. Har ila yau, waɗanda suka fi yin faɗa a kan rabon dukiya su ne Kenya da Tanzaniya, iyakarsu ta zauna a rufe kusan shekara bakwai, amma ba su ɗauki makami a kan juna ba. Dalili kuwa, ba wadda ke da'awar ƙasar ɗayar, ba kuma wadda ta ajiye maƙiyan ɗayar da bindigogi a gidanta. Tsakanin Yuganda da Tanzaniya kuwa waɗannan abubuwa biyu duk sun haɗu.

Duk da haka ba za a wanke rushewar sarai ba. Muddin jirgin ƙasa ɗaya ne, gidan waya ɗaya ne, ministoci da ma'aikatan ƙasashen suna haɗuwa a Arusha ko da shugabanninsu ba sa ga maciji, wanda zai tā da yaƙi ya san akwai abin da zai yi hasara. Bayan 1977 babu sauran wannan zaure, babu kuma wata dukiya ta tarayya da za a ji tsoron ɓarnatarwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Talakawa kuma sun sha wuya tun kafin a harba bindiga: fatake suka rasa kasuwa, Masai da iyaka ta raba suka sami 'yan'uwansu a bayan shinge.

Gyaran ya ɗauki lokaci mai tsawo. Aka naɗa wani mutumin Suwizalan, Victor Umbricht, ya ƙididdige dukiya da bashin ƙungiyar. A watan Nuwamba na 1983 Nyerere, da Daniel arap Moi wanda ya gaji Kenyatta, da Obote wanda ya komo mulki, suka haɗu a Arusha, aka buɗe iyaka. Cikin 1984 aka sa hannu a kan rabon, aka kuma rubuta a ciki cewa za su nemi hanyar sāke haɗa kai. Ran 30 ga Nuwamba, 1999, ƙasashen uku suka sāke kafa ƙungiyar a wannan gari na Arusha, daga baya Ruwanda da Burundi da waɗansu suka shigo. Watau sai da suka yi shekara 22 kafin su komo inda suka baro.

Wannan labari bai yi nisa da mutanen Afirka ta Yamma ba. Cikin 2023, bayan juyin mulki a Nijar, aka rufe iyakarta da Nijeriya, mutanen Maraɗi da Katsina, da na Birnin Ƙonni da Illela, suka ɗanɗana irin abin da fataken Kenya da Tanzaniya suka ɗanɗana. A watan Janairu na 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ƙungiyar ECOWAS. Abin da tarihin Afirka ta Gabas ya nuna shi ne, maƙwabta suna iya raba gandu su zauna lafiya, in an tabbatar da iyakar gona, an raba gado a gaban shaidu, ba wanda ya ɓoye maƙiyin ɗan'uwansa a ɗaki, an kuma bar wani zaure inda za a riƙa haɗuwa. Inda aka bar waɗannan a warwatse, to, a nan ne a kan ji ƙarar bindiga. Allah ya kiyaye.