Simla: Garin Da Zafi Ya Haifa

Masu iya magana sun ce idan rana ta fito, tafin hannu ba ya kare ta. Turawan Ingila da suka mulki Indiya sun ga gaskiyar wannan magana, don kuwa zafin bazara da kwalara da zazzaɓi sun yi ta ɗauke musu mutane a Kalkata. Da suka rasa yadda za su yi da rana, sai suka hau duwatsun Himalaya.

A 1822 wani hafsa mai suna Charles Kennedy ya gina gidan zama na farko na Turawa a Simla, wani ƙauye mai tsawon kimanin mita 2,200 daga doron teku. Kafin a ce kwabo masaukai da kulob da coci sun biyo baya. A 1864 Gwamna Janar John Lawrence ya mayar da garin hedkwatar mulki ta lokacin zafi. Kowace shekara sai gwamnati ta tattara akawuna da akwatunan fayil, ta yi tafiyar sama da kilomita 1,500, ba ta sauko ba sai iska ta yi sanyi. Jirgin ƙasa bai isa can ba sai 1903, bayan an huda duwatsu a wurare sama da 100.

To, kafin jirgin nan, wa ya ɗauki kayan? Talakawan tsaunin ne, da yawansu ta hanyar aikin tilas. Su ne kuma ke jan manya a keken riksho, domin a babban titin garin karusa ta shugabanni ƙalilan ce.

Duk da haka, ɗan ƙasa ya sami kafa. Mohan Singh Oberoi ya fara akawu a otal ɗin Cecil a 1922, ya mallaki otal ɗin Clarkes a 1934, kuma daga nan kamfanin otal-otal na Oberoi ya tsiro.

Mu ma mun ɗanɗani wannan al'ada, domin sunan otal ɗin Hill Station na Jos lakabi ne da Turawa ke kiran irin waɗannan garuruwa.

Rudyard Kipling ya rubuta labarun Turawan Simla a littafinsa na 1888, duniya ta karanta. 'Yan dakon da suka hau da kayan otal ɗin kuwa, sai dai a tsince su a gefen labari. Ya kamata mu marubuta mu tambayi dattawan Jos su wa suka fasa dutse, su wa suka ɗebo ruwa, tun masu amsar suna raye.