Yadda labarin damina yake isowa Lamorde

Wanda ya tsallaka gadar Kennedy daga tsakiyar Yamai zuwa Lamorde, ban da jami'ar Abdou Moumouni da babban asibiti, zai iske cibiyar Agrhymet. An kafa ta a 1974, shekara guda bayan ƙasashen Sahel sun haɗu a ƙungiyar CILSS, lokacin da fari ya ƙarar da garkuna ya bar rumbuna wayam. Aikin da aka ɗora mata shi ne ta san inda ruwa ya sauka da inda ya ƙi, tun yunwa ba ta kawo jiki ba.

Auna ruwan ba shi ne wahala ba, isar da adadin ne. A wancan lokacin wasiƙa daga Bilma ko Gigimi tana iya kwana da kwanaki a hanya, layin talho kuwa bai kai ko'ina ba. Sai aka dogara da rediyon oba-oba mai gajeren zango, wanda ma'aikata a Nijar ke kira BLU, irin wanda jiragen ruwa ke amfani da shi a tsakiyar teku. Kayan ba su da yawa: akwatin rediyo, batir, abin magana, da doguwar waya da aka ɗaure tsakanin sanduna biyu. Saƙon kan haura sama ya doki wani sashe na sararin samaniya, ya faɗo can nesa, ɗaruruwan kilomita. Shi ya sa zangon da ya yi kyau da hantsi kan shaƙe da dare. Ma'aikaci ya duba ma'aunin ruwa, ya jira lokacinsa, ya karanto lambobi cikin ƙugin iska, a maimaita masa don kada bakwai ta zama tara. Daga hedkwatar kowace ƙasa alƙaluman ke wucewa Lamorde, su shiga rahoton kowane kwana goma. Waɗannan masu karatun lamba sun cancanci yabon da ba a cika yi musu ba.

A teku kuma abin ya ɗauki wani salo. A farkon shekarun 1990 wasu Jamusawa suka fito da na'urar Pactor, wadda ake sa wa tsakanin kwamfuta da rediyo ta mayar da rubutu sauti. A 1998 aka kafa SailMail domin matuƙa su aika imel ta wannan hanya, gajeren rubutu, a hankali, ba hoto. Ƙungiyoyin agaji ma sun yi amfani da irin dabarar a sansanoninsu na Afirka.

Wayar salula ta shigo Nijar a farkon shekarun 2000, ta karɓe yawancin aikin. Amma a hanyoyin Tenere, inda babu sabis, har yanzu akan ga motoci da doguwar eriya a gaba.