Wanda Aka Zaɓa Kafin Ranar Zaɓe

A watan Afrilun 2007, mai kaɗa ƙuri'a a mazaɓar Dudunni ta ƙaramar hukumar Kusada ya tarar da abin da ba kasafai yake faruwa ba: manyan 'yan takarar shugabancin Nijeriya biyu duk 'yan jiharsa ne, Umaru Musa 'Yar'aduwa a PDP da Muhammadu Buhari a ANPP. Ko ta ina ta faɗi, sha ne. Sai dai babu wanda ya nemi ra'ayinsa lokacin da ake tsayar da mutanen biyu. An gama wannan tun watan Disamba, a Abuja, a hannun mutanen da ba su cika filin ƙwallo ɗaya ba. Tarihin gidan 'Yar'aduwa kaɗai ya isa ya nuna yadda wannan ƙofa take aiki, domin ita ta rufe wa wa hanya, ita kuma ta buɗe wa ƙane.

Wan, Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, ya nemi tikitin SDP a 1992, lokacin da 'yan jam'iyya suke fitowa jiha-jiha suna bin layi. Ya gina ƙungiya mai rassa har ƙasar Yarbawa, ya sha gaban Olu Falae, ya kama hanyar zama ɗan takara. An yi ta ƙorafin kuɗi da maguɗi a jam'iyyun biyu, kuma ba a rasa gaskiya a ciki ba. Da wannan hujja gwamnatin Janar Babangida ta soke zaɓen fitar da gwanin baki ɗaya, ta haramta wa masu neman kujerar su 23 sake tsayawa. Shehu bai koma gefe ba. A babban taron Jos na Maris 1993 ya tura yaronsa Atiku Abubakar, sannan ya sa ya janye wa Moshood Abiola. Wanda aka hana takara ya zama mai naɗa ɗan takara. Ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disambar 1997, amma mutanensa na PDM suna cikin waɗanda suka ɗauko Obasanjo suka kai shi ga tikitin PDP a 1999, a garin na Jos.

Labarin ƙanen ya fi daɗin ji a Katsina, ya kuma fi tayar da hankali idan aka zauna aka duba shi. A watan Mayun 2006 Majalisar Dattawa ta kashe yunƙurin zango na uku, Obasanjo ya shiga neman magaji. Masu kuɗi da masu suna sun yi watanni suna zagaya ƙasa, Peter Odili na Ribas a gaba. Umaru kuwa gwamna ne mai kawaici, wanda ba a san shi sosai a wajen jiharsa ba, ga kuma rashin lafiyar da ta sha kai shi Jamus. Cikin 'yan makonni aka ga gwamnonin PDP suna janyewa ɗaya bayan ɗaya, a daidai lokacin da hukumar EFCC ta Nuhu Ribadu ke riƙe da fayil ɗin da yawa daga cikinsu. A dandalin Eagle Square, tsakiyar Disamba, ya samu ƙuri'u 3,024, Rochas Okorocha da ke bi masa 372. Nan aka haɗa shi da Goodluck Jonathan.

Mutumin kirki aka ɗauko, kuma nan ne gizo ke saƙar. Ɗauki-ɗora yakan faɗa kan nagari, sai jama'a su yi murna su manta da tambayar yadda aka yi. Amma waɗanda suka yanke shawarar sun san halin lafiyarsa fiye da talakan Kankia, ba su kuma gaya masa ba. Da Umaru ya tafi jinya Jidda a Nuwamban 2009, ƙasa ta yi fiye da wata biyu ba a san wa ke riƙe da ita ba, ya rasu ranar 5 ga Mayun 2010, rigimar karɓa-karɓa ta ɓarke. Maganin da dattawan Arewa suka kawo ma irin cutar ne: kwamitin Adamu Ciroma ya zauna a ɗaki ya fitar da Atiku a matsayin ɗan takarar maslaha, Jonathan ya kayar da shi da ƙuri'u 2,736 da 805.

Me ya sa daliget yake da wannan ƙarfi? Sashe na 131 na tsarin mulki ya ce sai ɗan jam'iyya wanda jam'iyya ta tsayar zai nemi shugabancin ƙasa. Jam'iyya kuwa a jiha gwamna ne: shi ke biyan hayar ofis, shi ke tsara sunayen shugabannin mazaɓu, daga cikinsu ake fitar da daliget. Wanda ya riƙe gwamnoni ashirin ya riƙe taron. A 2022 ƙofar ta ƙara tsukewa, domin sabuwar dokar zaɓe ta bar masu riƙe da muƙamai a waje, sai zaɓaɓɓun daliget kawai. PDP ta ɗauki mutum ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, APC uku. Wato duk faɗin Kusada, da Dudunni a ciki, bakin mutum ɗaya ne a taron da ya ba Atiku ƙuri'u 371 da Nyesom Wike 237, bayan Aminu Tambuwal ya hau mumbari ya janye. Idan masu zaɓe ba su kai dubu ba, sayensu ba ya wuya, shi ya sa zancen dala ya cika gari a makon. A APC kuma shugaban jam'iyya Abdullahi Adamu ya ambaci Ahmad Lawan a matsayin zaɓin maslaha, gwamnonin Arewa suka ƙi, Tinubu ya tashi da 1,271. Manya ne suka ture shawarar manya.

Kada a ɗauka 'yar tinƙe ta warware matsalar. A 2018 APC ta ce mutum kusan miliyan 14.8 suka tsayar da Buhari, shi kaɗai ba abokin hamayya, alhali a babban zaɓen 2019 ƙasa gaba ɗaya ta ba shi miliyan 15.2. Mai rubuta sakamako ya maye gurbin daliget.

Idan mutumin karkara ya ce 'yan siyasa duk kanwar ja ce, akan ɗauka jahilci ne ko gajiya. Ni ina ganin lissafi ne: ya lura cewa wanda ya hau mulki yana fara biyan bashin waɗanda suka ba shi tikiti, shi kuma ba ya cikinsu. A 2003 kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista suka fito zaɓen shugaban ƙasa, a 2023 ba su kai kashi 27 ba. Umaru kansa ya amsa a ranar rantsuwarsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda a rahotonsa na Disambar 2008 ya ba da shawarar a bar mutum ya tsaya takara ba tare da jam'iyya ba. An yi zaɓen shugaban ƙasa huɗu bayan rahoton, sharaɗin jam'iyya a sashe na 131 yana nan yadda yake.