Yadda Injekta Ta Kori Kafireta a Garejin Tambuwal

Da can, bakanike a Tambuwal da kunne yake gyara. Fijo 504 za ta tsaya bakin titin Sakkwato zuwa Jega tana tari, ya kwance kafireta, ya wanke ta a cikin fetur, ya sa baki ya hure jet, ya murɗa sukuru har ƙarar injin ta kwanta masa. Tun da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, wannan ilimin ya ishi mutum ci da iyali.

Ashe a Turai an riga an juya. A 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da injekta mai suna D-Jetronic a cikin Volkswagen 1600: ƙaramin akwatin lantarki ke lissafin iskar da injin ya shaƙa, ya buɗe nozul ya fesa mai daidai gwargwado, kusan kashi ɗaya na mai ga kashi 14.7 na iska. Dokokin hayaƙi ne suka tilasta abin, musamman a Amurka, inda daga 1996 kowace sabuwar mota sai da kafar OBD-II, wadda ake jona na'ura ta faɗi ciwon mota.

Mu kuwa ta Kwatano injekta ta iso mana. Bayan karyewar naira daga 1986, sabuwar mota ta gagari talaka, aka koma 'yar Beljiyam. Su Golf da Corolla suka shigo da injekta, suka tarar da ƙurar hunturu da man bumburutu na jarka, wani har da ruwa a ciki. Nozul ya toshe, famfon mai ya ƙone, ba mai na'urar dubawa sai an je Sakkwato. Direban da ke lodin Kebbe ba zai iya wannan jira ba. Sai makanikai suka yi abin da suka iya: a cire injekta, a ɗaura kafiretar tsohuwar Golf. Na taɓa ganin an yi wa wata haka a ƙarƙashin dogonyaro. Wayoyin ƙwaƙwalwar motar aka naɗe da salatif aka cusa gefe, kamar hanjin da ba a so. Ta tashi kam, amma shan mai sai ka ce raƙumi.

Abin dariya, a daidai lokacin wasu a Amurka akasin haka suke yi. A 2001 Bruce Bowling da Al Grippo suka fito da MegaSquirt, ƙwaƙwalwar da mutum ke haɗawa da hannunsa don ya raba tsohuwar motarsa da kafireta. Daga baya Speeduino ta biyo, a kan allon Arduino mai araha.

Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya sa lissafi ya canza. Yanzu kowace lita ana jin ta a aljihu, kuma yaron gareji da ke da waya da ƙaramar sikana ya fara fin maigidansa kasuwa. A ganina wanda zai shiga harkar kada ya fara da mafarkin haɗa ƙwaƙwalwa. Ya fara da mita: ya iya auna batir, ya iya bin waya har ya gano inda ayat ya saki, don sau da yawa "birenbos ya mutu", wato ƙwaƙwalwar mota ta mutu, tsatsa ce kawai a kan waya. Ya san cewa layin mai na injekta yana ɗauke da matsi kusan bar uku, a sauke shi kafin a kwance tiyo, nesa da mai shan taba. Tsohuwar dabarar nan ta cire kan batir injin na aiki don gwada caji, 504 ta jure ta shekaru. Ƙwaƙwalwar Corolla sau ɗaya na iya ƙona ta.