Me ya sa muke tafa wa ɓarayi a fim?

Ranar 19 ga Oktoban 2025 da safe, wasu mutum huɗu suka je gidan tarihi na Louvre da ke birnin Paris da mota mai tsanin ɗaga kaya. Biyu suka hau suka shiga ta taga, cikin 'yan mintuna suka kwashe kayan ƙawa na sarautar Faransa da aka ƙiyasta kuɗinsu ya kai Yuro miliyan 88. Garin sauri har kambin sarauniya Eugénie ya suɓuce musu a hanya. Kafin rana ta faɗi intanet ta cika da raha, kowa na cewa kai ka ce fim ne. To jama'a, wa ya koya mana mu ji labarin sata mu kama dariya? Silima ce, kuma ta shafe shekara saba'in da wani abu tana wannan aiki.

A 1951 aka yi wani fim a Ingila mai suna The Lavender Hill Mob. Alec Guinness ya fito a matsayin ƙaramin ma'aikacin banki, mai ladabi da sanyin hali, wanda ya yi shekara ashirin yana rakiyar zinare ba wanda ya taɓa zarginsa. Sai ya haɗa baki da wani mai ƙera kayan tsaraba, suka sace zinaren suka narkar da shi, suka zuba shi a siffar 'yar hasumiyar Eiffel don su fitar da shi zuwa Faransa. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta rubutun labari. Amma ku lura da ƙarshensa: mutumin yana zaune a Rio yana ba da labarinsa cikin nishaɗi, da ya miƙe tsaye sai ga ankwa a hannunsa.

A wancan zamani haka abin yake, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A Amurka ma akwai ƙa'idojin tace fina-finai da ake kira dokar Hays, waɗanda aka tsananta aiki da su daga 1934 har aka yi watsi da su a 1968. Sun hana a nuna laifi ta yadda mai kallo zai goyi bayansa, sun kuma hana a nuna dabarun fasa akwatin kuɗi dalla-dalla. Shi ya sa masu fim suka mai da hankali wajen ƙirƙiro hanyar da ɓarawo zai tashi a tutar babu, a nan kuma barkwancin ya samu gindin zama. A Ocean's 11 na 1960, su Frank Sinatra sun yashe gidajen caca biyar a Las Vegas a daren sabuwar shekara, suka ɓoye kuɗin a akwatin gawar abokinsu, sai aka ƙone gawar har da kuɗin.

A wajena wanda ya fi kowanne shi ne na Italiya, I Soliti Ignoti, na darakta Mario Monicelli, 1958. Shaguɓe ne ga fim ɗin Faransa mai suna Rififi na 1955, wanda ya shahara saboda kusan rabin awa da aka yi ana sata ba magana ba kiɗa. Su kuwa na Monicelli talakawan birnin Rum ne, yunwa ta ishe su. Sun shirya fasa bango su shiga gidan jinginar kaya, suka kwana suna haƙa, da bangon ya ɓule sai ga su a kicin ɗin gidan da suke ciki. Suka zauna suka cinye tukunyar taliya da wake. Kana dariya kana jin tausayinsu, domin ka san irinsu a kowace unguwa.

The Italian Job na 1969 shi ya tsaya a tsakani. Su Michael Caine suka rikita kwamfutar fitilun hanya a birnin Turin, gari ya cushe, suka tsere da zinare cikin ƙananan motoci ƙirar Mini. A ƙarshe bas ɗinsu ta maƙale a bakin rami kan dutse, zinare a gefe ɗaya su a ɗaya gefen, fim ya ƙare a haka. Da aka zo 2001, Steven Soderbergh ya sake yin Ocean's Eleven, su George Clooney da Brad Pitt suka kwashe sama da dala miliyan 150 suka tafi abinsu lafiya lau. Ɓarawon da a da yunwa ke kora shi, yanzu ɗan gaye ne mai kwat, yana sata don nishaɗi da ramuwar gayya. Indiya ma ta bi sahu, duk mai kallon fassarar Hausa ya san Happy New Year na 2014, inda su Shah Rukh Khan suka fake da gasar rawa a Dubai don su saci lu'ulu'u.

Me ke jan mu? Na farko, daɗin ganin gwaninta. Kowa da fanninsa: ga mai buɗe kwado, ga direba, ga mai kwamfuta, ga mai daɗin baki. Na biyu, ƙaramin mutum ne ke kayar da babba da wayo, ba bindiga ba jini. Mu da muka tashi da tatsuniyar Gizo mun san wannan daɗi tun muna yara, yadda yake wa Kura da Zaki wayo muna ta murna. Sai dai ita tatsuniya sau da yawa takan bar Gizo ya ji kunya a ƙarshe.

Aibinsu kuwa, wani na sana'ar ne kawai. Yawancinsu ha'intar mai kallo suke yi: a ɓoye maka rabin shirin, a ƙarshe a dawo da kai baya a ce ai dama an tsara haka. 'Yan wasan ma ba su cika zama mutane ba, kowa sunan aikinsa ne halinsa. Mace kuma ta daɗe tana zama ladan jarumi, kamar Julia Roberts a fim ɗin 2001, sai a 2018 aka ba mata ragamar a Ocean's 8.

Babban aibin shi ne ɓatar da wanda aka zalunta. Don dariyarka ta tafi daidai, dole wanda aka yi wa satar ya zama mugun attajiri, ko gidan caca, ko kamfanin inshora marar fuska. Ku duba abin da ke faruwa idan aka ɗauko labarin gaske. A watan Agustan 1963 wasu suka tare jirgin ƙasan gidan waya da ya taso daga Glasgow zuwa Landan, suka kwashe fam miliyan 2.6. Sun bugi direban jirgin, Jack Mills, da ƙarfe a kai, bai sake komawa daidai ba har ya rasu a 1970. A 1988 aka yi fim mai suna Buster, mawaƙi Phil Collins ya fito a ɗaya daga cikin ɓarayin a matsayin mai raha mai son iyalinsa, aka yi ta sukar fim ɗin a Ingila kan ya wanke masu laifi. Haka a 2015, wasu da yawancinsu tsofaffi ne, babbansu mai shekara 76, suka huda katangar kankare a ma'ajiyar Hatton Garden da ke Landan lokacin hutun Ista, suka kwashe dukiya ta kusan fam miliyan 14. Jaridu suka yi ta nishaɗi da tsufansu, aka yi fina-finai a kansu har da King of Thieves na 2018. Amma da yawa cikin masu akwatunan ƙananan 'yan kasuwar gwal ne, wasunsu ko inshora ba su da ita.

Ba cewa nake a daina kallo ba, wallahi akwai masu kyau, kuma dariya ba laifi ba ce. Abin tsoron shi ne idon da fim ya ba mu ya bi mu har cikin labarai. Ka ji an damfari wani ta waya ko an wawushe asusun gwamnati, maimakon a tambayi kuɗin wa aka ci, sai ka ji ana cewa kai, yaron nan akwai ƙwaƙwalwa! Alhali kuɗin nan fanshon wani dattijo ne, ko maganin asibitin wani ƙauye. Mu da muke yankin da kalmar fashi ke nufin ƙauyen da aka tasa da kuɗin fansa, mun fi kowa sanin cewa a bayan kowace sata akwai mai kuka.

In kun samu hali ku nemi fim ɗin Monicelli ku kalla, sannan ku sake kallon Ocean's Eleven. A kowanne ku tambayi kanku wa aka cire daga cikin hoton don ku samu ku yi dariya. Wane fim ne a cikin irin waɗannan kuka taɓa gani da ya tsaya ya nuna mai gadin da aka kora daga aiki washegari? Ku gaya min, ina son in nema.